Manhajar Windy: da ita na bi sawun guguwar Beryl daga Katsina

Shekara talatin da biyu na yi ina koyar da labarin ƙasa kafin in yi ritaya, na sha zana wa yara guguwar teku a allo da alli, amma ban taɓa kwana ban yi barci ba saboda ita sai a damanar 2024. 'Yata ta biyu tana aure a Houston ta jihar Texas, da yaranta biyu. Ita ta kira ni a farkon watan Yuli ta ce, "Baba, ana maganar wata mahaukaciyar guguwa, a sa mu a addu'a." Ƙaninta ya sauke min Windy a waya a daren, muna zaune a zaure a Ƙofar Marusa, fitilar caji a tsakaninmu.

Kana buɗe ta za ka ga taswirar duniya, iska na gudana a kanta kamar zaren saƙa, launi na sauyawa daga shuɗi zuwa ja gwargwadon ƙarfinta. A ƙasa akwai layin lokaci, ka ja shi da yatsa ka ga gobe da jibi da gata. Kyauta ce, sai mai son ƙari ya biya. Wani kamfani ne na ƙasar Czech ya yi ta. Abin da ya fi burge ni shi ne ba baki ɗaya take ba ka ba: akwai hasashen cibiyar Turai, ECMWF, akwai na Amurka, GFS, akwai na Jamus, ICON, ka taɓa wannan ka taɓa wancan. Idan sun haɗu a hanya ɗaya, hankalinka ya kwanta da hanyar. Idan sun watse, ka san magana ba ta ƙare ba.

Beryl ta koya min bambancin hasashen hanya da na ƙarfi. Hanya tana bin manyan iskokin da ke tura guguwar, kamar yadda kogi ke ɗaukar ƙwarya, kuma kwamfuta ta ƙware a lissafinsu. Ƙarfi kuwa ya rataya ne a kan abubuwan da ke sauyawa da sauri: ɗumin ruwan teku, wanda ake so ya kai wajen digiri 26 zuwa 27, da iskar sama da kan karkatar da kan guguwar ta wargaza ta, da busasshiyar iska mai ƙura daga Sahara da ke shaƙe ta. Beryl ta samu ruwa mai zafi ƙwarai. Ranar 28 ga Yuni ba ta ma kai a sa mata suna ba, domin sai iska ta kai kilomita 63 a awa ake raɗa suna. Ranar 1 ga Yuli ta afka wa tsibirin Carriacou na ƙasar Grenada tana mataki na huɗu cikin matakai biyar da ake auna ƙarfin guguwa da su, daga nan ta haye na biyar, inda iska ke kai kilomita 252 a awa ko fiye. Ba a taɓa ganin guguwa ta kai wannan mataki da wuri haka a shekara ba a tekun Atilantika.

Bayan ta ratsa yankin Yucatán na Mekziko ta yi laushi, layukan hasashen hanyarta suka nuna can kudu, wajen iyakar Mekziko da Texas. Na ji sanyi a raina. Amma duk sallar da na idar na duba, sai in ga sun ɗan matso arewa. Ranar Asabar na kira 'yata na ce, "Uwata, ku sayi ruwa da abinci, ku cika mota da mai, ku bi duk abin da hukumomin garinku suka ce." Ranar Litinin 8 ga Yuli, wajen ƙarfe goma na safe agogonmu, su kuma asuba ba ta yi ba, guguwar ta shigo ta kusa da Matagorda, a gaɓar tekun Texas, tana mataki na ɗaya. Mataki na ɗaya kawai, amma gidaje da shaguna sama da miliyan biyu suka rasa wuta. Kwana biyar 'yata da iyalinta suka yi a duhu cikin zafi, da ruwan da suka tanada suka rayu. Alhamdu lillahi.

Shawara ɗaya ga mai ɗan'uwa a can: ka haɗa Windy da sanarwar cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Miami, wadda ke fita duk bayan awa shida. Za ka ga zane mai kama da mazurari. Ba girman guguwar ba ne, inda tsakiyarta ka iya bi ne, kuma ruwa da iska suna zarce shi nesa.

Yanzu don gonata ta hanyar Mashi nake buɗe ta. Ina zaɓar hoton tauraron ɗan'adam in duba gabas. Idan na ga gungun gajimare ya taso daga wajen Chadi ya nufo Damagaram, sai in ce wa yara kada su zuba taki tukuna, in kuwa akwai shanya a kwashe. Hadarin da kan haɗu cikin awa biyu ya jiƙa Ƙofar Ƙaura ya bar Ƙofar Sauri a bushe, wannan ya fi ƙarfin kowane hasashe, nan sai ido da hanci.

Abin da ke tsaya min a rai shi ne, irin waɗannan gungun hadari da ke wuce mu su nufi yamma, su fita teku ta Senegal, su ne irin da yawancin manyan guguwar Atilantika ke tsirowa daga gare shi. Beryl ma daga gaɓar Afirka ta Yamma ta faro. Da na faɗa wa jikana ta waya, sai ya ce, "Kaka, to ka riƙa gaya mana tun tana wajenku."