Bert da Ernie ko Kami da Zobi: salon wa za a ɗauka?

Wata malama ta yi tambaya a zauren nan. Za su yi wasan 'yan tsana a bikin ƙarshen zango na makarantarsu ta nazare da ke Yelwa, nan Bauchi, kuma tana son 'yan tsana biyu da za su sa yara dariya. Ta ga Bert da Ernie a YouTube, ta kuma tuna Kami da Zobi na NTA, shi ne take neman shawarar salon da ya fi dacewa.

Malama, duk huɗun 'yan gida ɗaya ne. Bert da Ernie suna cikin Sesame Street tun da aka fara shirin a Amurka a 1969. Jim Henson ne ya fara riƙe Ernie, Frank Oz kuma yana riƙe Bert. Kami da Zobi na Sesame Square ne, reshen shirin na Najeriya da NTA ta fara nunawa a 2011. Sai dai inda dariyar take fitowa ba ɗaya ba ne, kuma shi ya kamata ki duba kafin ki yanka ko ƙyalle ɗaya.

Bert da Ernie sa'o'in juna ne, ɗaki ɗaya suke kwana. Tun daga siffa aka raba su. Bert rawaya ne, ga dogon kai, ga gira a haɗe, zanen rigarsa a tsaye. Ernie ruwan lemo ne, kansa mai faɗi, zanen rigarsa a kwance. Ɗan shekara uku da bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba, yana ganinsu ya san mai tsokana da wanda za a tsokana. Bert mutum ne mai son tsari da shiru, abin da ya dame shi tantabaru da tara marafan kwalba. Shi kuwa Ernie, sai dare ya raba dabara take faɗo masa, kuma dole ya tashi Bert ya ji.

Akwai wasansu da Ernie ya cusa ayaba a kunne. Bert ya yi ta gaya masa akwai ayaba a kunnensa, yana ƙara ɗaga murya, daga ƙarshe Ernie ya ce ai ba ya jin abin da yake faɗa, saboda akwai ayaba a kunnensa. Ki sake kallonsa da kyau, za ki ga ba Ernie ake yi wa dariya ba, Bert ne. Yadda haƙurinsa ke ƙarewa kaɗan-kaɗan, daga lallashi zuwa tsawa, shi ne wasan gaba ɗaya. Kuma Ernie ba mugu ba ne, shi a ganinsa bai yi komai ba. Da da gangan yake cutar abokinsa, da yara sun koma jin tausayin Bert, dariyar ta mutu.

Kami da Zobi an juya lissafin. Kami yarinya ce 'yar shekara biyar, ta fara fitowa a Takalani Sesame na Afirka ta Kudu a 2002, tana ɗauke da ƙwayar cutar HIV, an yi ta ne don yara su daina ƙyamar masu cutar. Zobi shuɗi ne, direban tasi, ba abin da yake so a duniya kamar doya. To a nan ƙaramar ce mai hankali, babban ke shirme. Kami ba ta harzuƙa irin ta Bert, gyara take yi cikin fara'a. Shi ya sa dariyarsu ba ta da ƙarfi sosai, amma saƙo yana fita tsaf, kamar darasinsu na kwana cikin gidan sauro.

A nawa ganin, in dai dariya ake nema, Bert da Ernie sun yi nisa. Dalilin kuwa Kami an ɗora mata nauyi. Ba za a mayar da ita abar dariya ba, ba za a bar ta ta sha kaye ba, alhali Bert ana iya kayar da shi kullum, gobe ya dawo da girarsa a haɗe. Inda Zobi ya fi su shi ne namu ne. Yaron Bauchi ya san doya, ya san direba, amma agwagwar roba da Ernie ke wanka da ita a baho ba ta cikin rayuwarsa.

Saboda haka ki ɗauki ginin Bert da Ernie, ki sa musu kayan gida. Ɗaya mai tsari, ɗaya makwaɗaici, kuma tunda Bauchi muke, ki musanya doya da masa. Misali, mai tsarin ya jera masa goma don baƙi, abokin ya ce bari ya taya shi ƙirgawa, duk sanda ya ƙirga sai ɗaya ta wuce cikinsa. A sake ƙirgawa, saura tara. Ki bar yara su riga mai tsarin gano inda masar take tafiya, su yi ta ihu suna nuna masa. Ga lissafi ya shiga ba tare da an ce a buɗe littafi ba.

In kuma salon Kami ne ya fi kwanta miki, ki tuna iyaye za su zauna a wurin, wani ba zai ji daɗin ganin yarinya tana yi wa babba gyara a bainar jama'a ba. Ki mai da su jika da kaka. Wasan da ke tsakaninsu kowa ya san shi, babu wanda zai kira shi rashin kunya.

Batun hannu kuma: Ernie na asali mutum biyu ke motsa shi, ɗaya kai da hannun hagu, ɗaya hannun dama, Bert kuma mutum ɗaya ne da sanduna a hannuwansa. Ke ba kya buƙatar wannan wahala. Safa biyu masu launi daban, maɓallai a matsayin idanu, tebur da aka rufe da zani, sun isa. Abin da za ki ɓata wa lokaci shi ne murya, ɗaya siririya mai sauri, ɗaya mai kauri da jan magana, yadda na bayan aji zai bambance su ko bai hango su ba. Kuma malamar da ta fi iya daure fuska za ki ba wa mai tsarin, don in ta fashe da dariya a bayan tebur, wasan ya tashi.