Talabijin ta mutu: a kira mai gyara gida, a kai shago, ko a sayi wata?

Yawancin waɗanda masu gyaran talabijin ke cuta, tun daga bakinsu ake gane ba su san komai ba. Da ka ce wa mai gyara "kawai mun ga ta ɗauke ne", ka ba shi wuƙa da nama, shi zai yanka wa talabijin ɗinka ciwon da ya ga dama. Don haka kafin ka zaɓi wanda zai taɓa ta, fara sanin abin da ke damunta ko da sama-sama ne.

Waɗannan shafaffun talabijin da muke kira filazma, galibinsu LED ne, kuma kayan cikinsu ba su da yawa. Akwai bod ɗin wuta, wato faifan lantarkin da ke raba wa sauran kayan wuta, akwai babban bod da ke ɗauke da ramukan HDMI da na USB, akwai wani ƙarami da ke aika hoto zuwa gilashi, sai jerin ƙananan fitilu a baya masu haska hoton, sai shi gilashin kansa. Gilashin ne mai tsada. Sauran duk ana canza su cikin rufin asiri.

Idan murya na fita amma allon ya yi duhu, kashe fitilar ɗaki, ka manna tocilan waya jikin gilashin. In ka hango hoto dishi-dishi, gilashinka lafiya lau yake, galibi fitilun baya ne suka ƙone. An jera su ne bi da bi, shi ya sa mutuwar ɗaya kan kashe layin gaba ɗaya. Idan kuwa ko 'yar jar fitilar nan ta gaba ba ta kawo ba, musamman bayan nefa ta kawo wuta da ƙarfi ko an tayar da janareta, bod ɗin wuta za a fara tuhuma. Wadda ta mutu daren da aka yi ruwa da tsawa, sau da yawa ta wayar dish da dikoda abin ya shigo ya ƙona babban bod.

To, sai zaɓi. Mai zuwa gida shi ne ya fi daɗi a ido. Ba ɗaukar talabijin mai inci 55 a adaidaita sahu, ba fargabar ta fashe a rami. Kuma akwai na kirki a cikinsu, ban ce babu ba. Matsalar ita ce yawanci ba ka san inda yake zaune ba, lambar waya kawai ka gani a jikin katanga ko a Facebook.

Wani maƙwabcina ya kira irin wannan, yana kasuwa aka yi aikin. Mutumin ya kwance bayan talabijin a tsakar falo, ya dangwala mitar gwajin wuta nan da can, ya girgiza kai, ya ce wa uwargida, "Hajiya, ai bod ne ya tafi. Sai na je da shi shago, amma a ba ni kafin alƙalami in sayo kaya." Aka kira maigida a waya, ya ce a ba shi. Kullum aka kira sai ya ce kayan suna hanya daga Legas. Da ƙyar ya dawo ya ɗaura, hoto ya kawo, ba a jima ba ya sake ɗaukewa, daga nan wayarsa a kashe. Da aka kai wani shago, mai shagon ya nuna musu cewa fitila ɗaya ce ta mutu tun farko, mutumin ya tsallake ta da guntun waya, sauran suka sha wutar da ta fi ƙarfinsu suka bi ta. Bod ɗin da ke ciki kuwa duk tabon dalma, ba nasu ba ne.

A ganina mai zuwa gida yana da amfani ne kawai idan zai fara ya gama a gabanka, kuma wani da ka yarda da shi ne ya turo shi. Ku yi cinikin kuɗin dubawa tun a waya. Da ya buɗe baya, ɗauki hoton kowane bod yadda lambobin takardar da ke manne a jiki za su fito, ka kuma yi wa kowanne wata 'yar alama da alƙalamin maka a idon mai gyaran. Mai gaskiya dariya zai yi. Wanda ya ɓata rai ya ce "Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?", sallame shi. Kada bod ko talabijin su bar gidanka da wanda ba ka taɓa taka ƙofar shagonsa ba.

Mai shago, irin na Sabon Gari a Kano, ya fi wannan da abu guda: gobe ma yana nan. Yana da maƙwabta, yana da shugabannin kasuwa da za ka kai ƙara gare su. Ga kayan aiki, ga matattun talabijin jibge da yake cirar kaya a jikinsu. Wannan jibgin ne kuma abin tsoron, domin taka ma tana iya zama wadda ake cira in ta kwana biyu. Ka tambaye shi ƙarara: sabo zai sa ko na ciro? Idan fitilu ne, ka ce a canza saitin duka, ba ɗaya-ɗaya ba. A rubuta maka rasit da lambar talabijin da tsawon garantin aikin, a kuma miƙo maka tsohon kayan da aka cire. Wajen ɗauka a tsaye ake riƙe ta, a nannaɗe da bargo, kada a kwantar a ɗora mata kaya.

Idan garantin kamfani bai ƙare ba, babu ma maganar waɗannan biyun. Nemo rasit da kati ka nufi wurin dillalin. LG da Hisense, alal misali, kamfanin Fouani ne ke kawo su Najeriya. Duk wanda ya kwance ƙusa ɗaya kafin su, garanti ya faɗi. Sai dai ka sani garanti bai cika ɗaukar fashewar gilashi ko ɓarnar wuta ba, kuma bayan ya ƙare kuɗinsu ya fi na kasuwa, ga jira.

Inda gilashi ya tsage, kada ka wahalar da kanka. Kuɗin sabon gilashi kan kusa kamo na sabuwar talabijin. Ni duk gyaran da ya haura rabin kuɗin sabuwa ba na yin sa. Sayar wa masu shago da gawar, bod ɗinta kuɗi ne a wurinsu, ka cika ka sayi wata. 'Yar gwanjo ta fi araha, amma fitilunta sun riga sun yi aiki shekaru a wani gida. In ita za ka saya, sa a kunna maka farin hoto zalla, ka duba ko akwai duhu-duhu ko shuɗi-shuɗi, ka bar ta a kunne har bayanta ya yi ɗumi kafin ka biya.

Ko wacce ka ɗauko, haɗa da stabilaiza ko abin tare ƙarfin wuta a cinikin. Sannan shiga saitin hoto ka rage hasken baya, domin a shago ƙure shi suke yi don ta ja ido, kuma ƙurewar nan ce ke saurin cinye fitilun.