Gargaɗi ga masu farfaɗo da tsohuwar Beetle: a auna farantin daɓe kafin a tura kuɗi

Jama'a, musamman 'yan fanabita da masu walda da duk wanda ya ajiye tsohuwar Volkswagen Beetle yana son ya dawo da ita titi, a yi hattara da masu tallar farantin daɓen motar nan a Facebook da WhatsApp. Hoton da suke sakawa mai kyau ne: baƙin faranti yana ƙyalli, an rubuta "na asali, daga Jamus, yana shiga kowace shekara". A wannan gajeren rubutu kaɗai akwai ƙarya biyu, ta ukun kuma sai kaya sun iso hannunka za ka gan ta, in ma sun iso.

Sai an san yadda aka gina motar za a gane inda ake cutar mutane. Beetle ba kamar Fijo 504 ba ce, wadda daɓenta da bodinta abu guda ne. Ita shasinta daban yake: akwai wani dogon ƙashin baya na ƙarfe a tsakiya, kamar bututu, sai faranti biyu, na hagu da na dama, da aka like masa da ɗigon walda. Bodin yana zama a kan gefen farantan ne, a ɗaure shi da jerin notika, da roba a tsakani. A kan farantin nan aka like layin da kujera ke gudu, kuma a kusurwarsa ta baya ta hannun dama, ƙarƙashin kujerar baya, batir yake zaune. Shi ya sa kusan kowace Beetle daga nan take fara ruɓewa, ruwan batir ya ci ƙarfen, danshin da kafet ya riƙe ya ƙarasa sauran. Saboda haka farantin ba murfin rami ba ne. Shi ke ɗauke da nauyin direba da fasinja.

Babbar cutar a kauri take. Faranti na kirki kaurinsa wajen milimita 1.2 ne, wanda Amurkawa ke kira geji 18. Lissafin geji kuwa a juye yake tafiya: in lamba ta hau, ƙarfe ya ragu. Geji 20 wajen milimita 0.9 ne, geji 22 kuma wajen 0.76 ne. Mai ha'inci ya san yawancin mutane ba su san haka ba, sai ya ce maka, "Alhaji, nawa ma geji 22 ne, ya fi na wancan mai 18." Ya faɗi gaskiyar lambar, ya cuce ka da ita. Kada ka yarda a yi maka magana da geji kawai, ka ce a faɗa maka da milimita.

Wani zai ce tsakanin 1.2 da 0.8 ai ba wani bambanci ba ne, bai kai rabin milimita ba. A ido haka ne. Amma ƙarfin da faranti ke da shi na ƙin lanƙwasa ba daidai da kaurinsa yake raguwa ba, kaurin sau kaurin sau kaurin ake lissafawa. In kauri ya koma kashi biyu cikin uku, taurin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Abin da ke biyo baya sananne ne: ka taka daɓe ya loɓa ya dawo da ƙara kamar gwangwani, layin kujera ya fara tsaga ƙarfen da ke kewaye da shi, wurin batir ya sunkuya. Ranar da aka taka birki da ƙarfi ko aka yi karo, kujera na iya ɓallewa da mutum a kanta. Mai walda ma yana shan wahala, don siririn ƙarfe da an kai masa wuta yake hujewa, a yi ta cike rami ana buɗe wani.

Awon kansa akwai dabara a ciki, kuma sun iya ta. In ka nemi a auna maka a bidiyo, za a ɗora ma'aunin kauri a bakin farantin inda aka naɗe ƙarfen ya zama biyu, ko a kan layin kujera wanda dama ya fi kauri, ko a inda fenti ya taru. Ka ce a rufe bakin ma'aunin tukuna ka ga ya nuna sifili, sannan a auna a shimfiɗaɗɗen wuri na gefen da zai kwanta a jikin ƙashin baya, aƙalla wuri uku, cikin bidiyo ɗaya ba yankewa. In ka ga 1.1 ko 1.2, lafiya, domin matsi yakan ɗan rage kaurin ƙarfe a wasu wurare. In ka ga 0.7 ko 0.8, ka bar masa kayansa. Sikeli ma yana tona asiri: murabba'in mita ɗaya na ƙarfe mai kaurin 1.2 yana kai kilo 9.4, mai 0.8 kuwa kilo 6.3 ne. Farantin da ka ɗaga da hannu ɗaya ka ji kamar kwanon rufi, kwanon rufin ne aka yi wa baƙin fenti.

Ka kuma dubi ƙunyoyin da aka matsa a jikinsa. Ba ado ba ne, su ke ƙara masa tauri. Na kirki ƙunyoyinsa masu zurfi ne, bakinsu a tsaye, kusurwoyinsa ba tattara. Na jabu kuwa ba su da zurfi, kamar an shafa su, wani lokaci har ka ga sawun guduma. A nan mu yi adalci: ɗan fanabita da ya iya aikinsa, ya samu faranti mai kaurin 1.2 ya buga maka da hannu, ya kuma faɗa maka aikin hannu ne, bai cuce ka ba, aikinsa ma na iya fin wani na kamfani ƙarko. Laifin na wanda ya buga ne a bayan gida ya manna takardar Jamus ya ninka kuɗi.

Maganar "yana shiga kowace shekara" kuwa, babu wannan farantin a duniya. An ƙera Beetle sama da miliyan 21, ta ƙarshe ta fito daga Puebla a Meziko ranar 30 ga Yulin 2003, kuma a tsawon wannan lokaci an sha canza daɓen. A ƙirar Jamus, zuwa 1970 bakin layin kujera siffar L gare shi. A 1971 da 1972 ya koma siffar T. Daga 1973 aka sake tsarin gaba ɗaya, kujera ta koma zama a wuri uku, da wani ɗan tudun ƙarfe a gaba a tsakiya. In ka sayi na 1973 motarka ta 1968 ce, kujerarka ba za ta hau ba, sai dai a yanke a yi ƙage. Na Karmann Ghia kuma, wata motar Volkswagen mai irin wannan shasi, ya fi na Beetle faɗi, duk da a hoto ba kowa ke bambance su ba.

Mu a nan akwai ƙarin abubuwa biyu da mai saye daga waje zai lura da su. Najeriya ta koma bin hannun dama na titi ne ranar 2 ga Afrilun 1972, don haka motocin da suka shigo kafin nan da yawa sitiyarinsu a dama yake, kuma madogarin fedar birki da kuloci yana farantin dama ne. Yawancin abin da ake sayarwa daga Amurka na mai sitiyarin hagu ne. Na biyu, Beetle ɗin da aka riƙa haɗawa a Legas daga 1975, kayansu da yawa daga Brazil suka zo, ƙirar Brazil kuma ba kullum take bin canje-canjen Jamus ba. Haka Volkswagen Igala, wadda daɓenta ya fi na Beetle faɗi. Saboda haka kada ka dogara da shekarar da ke takardar mota. Ɗaga kujerar baya, za ka ga lambar shasi an buga a kan ƙashin bayan. A ƙirar Jamus daga 1965, lamba ta uku ita ce shekara, wato 117 na nufin 1967. Bayan haka ka ɗauki hoton layin kujerarka, ka auna tazarar ramukan notikan gefe da faɗin farantin a gaba, tsakiya da baya, ka ce mai sayarwa ya ɗora tef a kan nasa ya nuna maka waɗannan wurare. Wanda ya ce ba shi da lokacin wannan, ba shi da kayan ne.

Batun "na asali daga Jamus" ba ya buƙatar dogon bayani. An daina ƙera Beetle mai rufi a Jamus tun Janairun 1978. Farantin da kamfanin da kansa ya buga a wancan zamani, wanda ba a taɓa sawa ba, abu ne mai wuyar samu da tsada, ba wanda zai tara goma a shago yana neman kai da su a farashin banza. Abin da ke kasuwa yau na wasu kamfanoni ne masu kwaikwayon na asali, a cikinsu akwai nagari ƙwarai akwai na banza. Takardar da aka manna ba shaida ba ce, kowa na iya bugawa.

Sai waɗanda ba su da ko guntun ƙarfe, hoto kawai gare su, wanda suka kwaso daga shafin wani dillali na Ingila ko Amurka. Salonsu ɗaya ne. Farashi ƙasa da na kowa, sannan gaggawa: "wani ya riga ya yi magana, in kana so ka saka rabi yanzu." Ka tura kuɗin kafin alƙalami, a turo maka hoton kwali a tasha, gobe a ce kwastam sun riƙe sai an ƙara wani abu, jibi waya a kashe. Kafin ka yi cinikin biri a sama, ka saka hoton tallar a Google Lens, manhajar binciken hoto, ka ga ko yana wani shafin. Ka ce a rubuta sunanka da kwanan wata a takarda, a ɗora kan farantin a ɗauka. Ka duba ko sunan asusun banki ya yi daidai da na wanda kake magana da shi. Mafi kyau, ka tura wani naka da ke garin ya je da ma'auni ya gani da ido, a biya a wurin. Kuma a rubuce a fayyace abin da kuɗin ya ƙunsa, domin hagu da dama daban ake sayar da su, akwai kuma rabi-rabi na gaba ko na baya. An saba nuna hoton biyu a aiko da ɗaya, ko a aiko da shi tsirara, ba layin kujera, ba mariƙin batir, ba wurin jak.

Baƙin fentin da ke jikin sabon faranti shi ma a gwada shi. Jiƙa tsumma da tina ka goga. In bai fita ba, fenti ne na kirki, a ɗan gurza shi a ɗora wani a kai. In ya biyo tsumma, na rufin ido ne, sai an kankare shi tas har ƙarfe ya fito, don a ƙarƙashinsa ake ɓoye tsatsa. In kuma ƙarfen ya fito da ruwan toka mai walƙiya irin na kwano, akwai tutiya a jikinsa. A gurje ta daga inda za a yi walda, a kuma yi aikin a fili, hayaƙinta yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Faranti mai kyau ma mummunan aiki yana kashe shi, kuma a nan wasu gareji ke tasu cutar: a shimfiɗa sabo a kan ruɓaɓɓe, a ɗaure da ribit, a shafe da kwalta. Ruwa ya shiga tsakanin biyun, tsatsa ta ci gaba da aikinta a ɓoye. Aikin gaskiya shi ne a cire batir, a zuƙe fetur, a kuma tuna cewa bututun mai a cikin ƙashin bayan yake bi tare da wayar kuloci da ta totur, bututun birkin baya kuma yana kwance a gefensa ta ɓangaren direba. A yanke tsohon farantin a bar leɓen ƙashin baya lafiya, a huje tsofaffin ɗigon walda, a gurje leɓen har ya yi fari. Sabon a huda bakinsa da ramuka masu faɗin milimita 6 zuwa 8, tazarar santimita 3 zuwa 5. A fara kama shi a wurare kaɗan, a gwada ramukan notika da bodin, sai sun zauna daidai sannan a cike ramukan da walda, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan don kada zafi ya murɗe shi. Waldar MIG, mai waya da gas, ta fi dacewa, ta kabaid tana yawan zafi. A ƙarshe a toshe duk mahaɗa sama da ƙasa da abin toshe ruwa, a yi fentin ƙasa, a sa sabuwar roba.

Mai sayen motar da aka ce an riga an gyara mata daɓe, ya ɗaga kafet da kujerar baya, ya bi daɓen da maganaɗisu. Inda bai kama ba, fila ce ko faiba aka cike da ita, ba ƙarfe ba. Sabuwar kwalta mai kauri a ƙarƙashin mota mai shekara hamsin, a tambayi me take rufewa. A soka sukundireba a dogon bututun da ke ƙarƙashin dokin ƙofa, inda notikan bodi ke kamawa, don in nan ya ruɓe sabon faranti ba shi da abin riƙewa.

Wanda kuɗinsa ya riga ya fita, ya kira bankinsa nan take ya ba da lambar asusun da aka tura wa, ya adana hotunan hirar da rasit kafin a goge shafin, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC. Wanda kuma aka aiko wa siririn faranti aka ƙi karɓa, kada ya ce tunda an saya a sa kawai. A ajiye shi a riƙa yankar faci don fenda ko gindin ƙofa, inda ba a zama a kai.