Wace kyamara ta dace da mai son ɗaukar hoton tsuntsaye a fadamun Kebbi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fadamar Argungu da sanyin safiya, a lokacin da ruwan damina ya janye manoma suka fara shirin noman rani, ya san takaicin da ke cikin ɗaga wayar hannu domin ɗaukar hoton zalɓe da ke tsaye can tsakiyar ruwa. Da idonka kana ganin dogon wuyansa da yadda ya ƙura wa kifi ido, amma idan ka duba hoton sai ka tarar da ɗan ɗigo mai ruwan toka wanda ba a bambanta shi da kututture. Wannan takaicin ne ke kawo tambayar da ake yawan yi mini, wato wace kyamara ce za ta jawo tsuntsu kusa ba tare da ta cinye wa mutum jarinsa ba.

Amsar tana cikin wani rukuni na kyamarori masu gilashi guda ɗaya da aka haɗa da jikinsu, wanda ba a cirewa kuma ba a sauyawa, amma yana miƙewa ya jawo abin da ke nesa ƙwarai. Suna tsakanin ƙananan kyamarorin aljihu da manyan kyamarorin ƙwararru, waɗanda dogon gilashinsu kaɗai yakan fi kyamarar kanta tsada. Kamfanoni huɗu ne suka yi fice a wannan fage, wato Nikon da Canon da Panasonic da Sony, kuma kowanne da inda ya sa gaba.

Abu na farko da ke ruɗar mai saye shi ne babbar lambar da ake rubutawa a jikin kwali, kamar 60x ko 83x ko 125x. Wannan lamba tana nuna sau nawa ƙarshen zum, wato miƙewar gilashin da ke jawo abin da ke nesa, ya ninka farkonsa ne kawai, saboda haka abin da ya kamata a duba shi ne milimitar da gilashin ya tsaya a kai, domin iya yawanta, iya kusancin da abu zai yi a hoto. Panasonic Lumix FZ80 ta shekarar 2017 tana farawa daga 20 ta ƙare a 1200. Canon PowerShot SX70 HS ta 2018 tana kaiwa 1365. Nikon Coolpix P950 ta 2020 tana kaiwa 2000, yayin da P1000 ta 2018 da magajiyarta P1100 ta 2025 suke kaiwa har 3000. Ita kuwa Sony RX10 IV ta 2017 a 600 take tsayawa, amma duk da haka ta fi su tsada nesa ba kusa ba, domin an fitar da ita a kan kusan dala 1,700 a lokacin da aka fitar da FZ80 a kan dala 400. Wanda bai fahimci dalilin wannan bambanci ba yana iya zuba kuɗinsa inda ba za su amfane shi ba.

Dalilin yana cikin sensa, wato ɗan farantin da haske ke sauka a kansa ya zama hoto. A cikin FZ80 da SX70 da duka na Nikon ɗin nan, faɗin sensar bai wuce milimita 6 da ɗoriya ba, tsayinta kuma kimanin 4.5, wato ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba. Ƙanƙantar ce ma take ba su damar jawo nesa, domin ainihin tsawon gilashin P1000 milimita 539 ne, ƙanƙantar sensar ce ta sa yake yin aikin na 3000. Sensar Sony kuwa milimita 13.2 ce da 8.8, kusan ninki huɗu ke nan a faɗin fili, kuma gilashinta yana buɗewa har f/4 a ƙarshen zum, alhali na P950 yana tsukewa zuwa f/6.5, na P1000 kuma zuwa f/8, domin iya girman wannan lamba ta f, iya ƙarancin hasken da gilashin ke shigarwa. Ma'anar wannan a bakin ruwa ita ce, daga fitowar alfijir zuwa hudowar rana, da kuma dab da magariba, wato lokutan da kirinjijiya da dinya suka fi motsi, ƙaramar sensa tana ƙarancin haske, hoton ya fito da dishi-dishi, gashin tsuntsu ya haɗe kamar an shafa shi da yatsa. Mu a nan Kebbi Allah ya yi mana arzikin rana, don haka da zarar hantsi ya fara wannan matsala tana raguwa sosai, kuma shi ya sa nake ganin waɗannan kyamarori sun fi dacewa da ƙasarmu fiye da ƙasashen Turai masu yawan gajimare.

Sai dai ranar da ke taimakon sensa ita ce kuma ke ɓata iska, kuma wannan ne abin da ba za ka karanta a jikin kwali ba. Na taɓa zama a gaɓar Kwara kusa da Yawuri cikin watan Afrilu, wajen ƙarfe 11 na safe, ina ƙoƙarin ɗaukar dorina biyu da suka fito da kawunansu a wani wuri mai nisa. Na miƙe zum har ƙarshe, na kafa kyamarar a kan sanda mai ƙafa uku, amma abin da nake gani a tagar leƙe, wato ƙaramar tagar da ake ɗora ido a kai, yana ta rawa kamar kawalwalniya, kunnuwan dorinar suna lanƙwashewa suna miƙewa. Wani dattijo masunci da ke gyaran komarsa a gefena ya leƙa, ya ce mini, “Malam, rana ta riga ta dama iskar. Dorina dai ba a matsa mata, amma ka dawo gobe bayan sallar asuba, za ka gan ta ras.” Na ce, “To Baba, Allah ya kai mu.” Washegari daga wuri ɗaya na ɗauki hoton da har ɗigon ruwa ake gani a hancinta. A bazara, idan zafi ya haura digiri 40, iskar da ke tashi daga yashi da saman ruwa tana karkatar da haske, kuma a hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yana shafe launi ya mai da komai fari-fari. Duk tsawon gilashinka, ta cikin wannan iskar hoton zai ratso, kuma iya nisan abin, iya yawan iskar da ke tsakaninku.

Wannan ne ya sa, tsakanin P950 da P1000 ko P1100, na fi karkata ga P950 ga yawancin mutane. Nauyinta kimanin kilo 1 ne, ana iya riƙe ta a hannu a yi yawo da ita a kan kunyoyin shinkafa, ita kuwa P1000 kilo 1.4 ce, kuma idan gilashinta ya miƙe gaba ɗaya nauyin yana rinjaya gaba, har numfashin mai ɗauka yana isa ya fitar da tsuntsu daga cikin hoto. Ƙarin milimita 1000 ɗin yana da amfani na gaske ga wanda zai zauna wuri ɗaya da sanda mai ƙarfi, yana jiran tsuntsayen da ke sauka a tsibirin yashi da sassafe, ko wanda burinsa ya gane nau'in tsuntsu ko da hoton bai yi kyau ba, musamman baƙin da ke zuwa daga Turai su yi rani a fadamunmu, waɗanda kamanninsu ke da wuyar rarrabewa. P950 da P1000 duka suna da wani maɓalli a gefen gilashi wanda idan tsuntsu ya ɓace maka za ka danna zum ya ja baya ka nemo shi, ka saki ya koma inda yake, kuma a ganina wannan maɓalli ya fi abubuwa da yawa da ake tallatawa amfani. Tsohuwar P900 ta 2015 ita ma tana kaiwa 2000, kuma ana samunta ta hannu da sauƙin kuɗi, sai dai ba ta ɗaukar ɗanyen hoto na RAW, wanda shi ne ke ba da damar gyara hoton da hazo ya dusashe a kwamfuta.

Raunin dukkan waɗannan yana bayyana ne idan tsuntsu ya tashi. Suna jinkirin kama fokas, wato daidaita gilashi har abin da ake ɗauka ya fito ras, kuma kafin su daidaita, shirwa ta riga ta wuce. A nan ne Sony RX10 IV ta yi musu zarra, domin tana da wuraren kama fokas 315 a kan sensarta, tana bin abin da ke motsi, kuma tana ɗaukar hotuna har 24 a cikin daƙiƙa ɗaya. Tsuntsu mai tashi yana buƙatar ƙiftawar kyamara ta kai kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa ko ma ta fi haka sauri, wanda ba ya samuwa sai da wadataccen haske, kuma faɗin gilashinta yana ba da wannan. Wanda ke son ya ɗauki shaho yana kai sura, ko garken jan-baki yana murɗawa a kan gonar shinkafa kamar hayaƙi, ko belbelu suna komawa makwanci da yamma, ita ce zaɓinsa idan aljihu zai ɗauka. Amma kada a ruɗe shi, idan ƙaramin tsuntsu ne zaune a kan reshe mai nisa da rana tsaka-tsaki, P950 za ta cika hoto da shi fiye da ninki uku, kuma yanke hoton Sony a kwamfuta ba zai cike wannan giɓi gaba ɗaya ba. Saboda haka tambayar da mutum zai yi wa kansa kafin ya taɓa kuɗi ita ce, tsuntsun da yake bi zaune yake yawanci ko a sama.

Ga mai farawa, ko malamin makaranta da ke son nuna wa ɗalibansa bambancin hasbiya da kurciya, FZ80 ta isa, haka ma sabuwar FZ80D ta 2024 wadda aka inganta tagar leƙenta. Nauyinta kimanin giram 600 ne. Canon SX70 HS tana kusa da ita a nauyi da aiki, ta ɗan fi ta nisa kuma ta fi ta tsada, don haka duk wadda aka samu da lafiya a farashi mai kyau a cikinsu babu laifi.

Akwai wata da mutane ke tsallakewa saboda ta tsufa kuma zum ɗinta a 600 ya tsaya, wato Panasonic FZ300 ta 2015, amma ina ganin ta cancanci a tsaya a kanta saboda yanayinmu. Gilashinta yana buɗe a f/2.8 daga farko har ƙarshe, kuma an toshe jikinta domin kariya daga ƙura da feshin ruwa. Ita da Sony ne kawai a cikin waɗanda na ambata suke da irin wannan kariya. Gilashin da ke miƙewa yana komawa kamar zugazugi yake, yana shaƙar iska yana fitarwa, kuma iskar hunturu ba ta zuwa ita kaɗai. Tun da ba a cire gilashin waɗannan kyamarori, ƙurar da ta shige ciki ba ta fita sai an kwance kyamarar, kuma masu iya wannan gyara ba su da yawa a kusa da mu. Wanda zai riƙa hawa babur a kan hanyar ƙasa ko shiga kwalekwale ya sa wannan a lissafinsa, kuma ko wacce ya saya ya tanadi jaka mai rufewa da ɗan famfon hura iska, kada ya goge gilashi da bakin riga.

Batun batir ma ba ƙarami ba ne inda wuta ba ta da tabbas. Bisa ma'aunin da kamfanoni ke amfani da shi, caji ɗaya yana ba P1000 hotuna kimanin 250, P950 kuma kimanin 290, kuma yawan miƙa zum da dawo da shi yana cinye batir fiye da haka. A sayi na biyu tun ranar farko. P1100 da FZ80D suna karɓar caji ta USB-C, irin igiyar cajin da yawancin wayoyin hannu ke amfani da ita yanzu, wanda ke nufin ana iya cajin su da fawa bank a ƙauye.

Tun da yawancinmu ta hannu za mu saya, ko daga Kano ko Abuja ko Legas, ina ba da shawarar kada a biya kafin a riƙe kyamarar. Ni kaina na taɓa aika kuɗi aka aiko mini da wata ta mota, sai da na ɗauki hoton sama na ga baƙaƙen ɗigo uku da ke fitowa a kowane hoto a wuri ɗaya. Gwajin ba shi da wuya. A miƙe zum har ƙarshe a dawo da shi sau da yawa ana saurare, idan ana jin ƙara kamar ta yashi ko yana tsayawa a hanya, a bar ta. A haska tocila cikin gilashi a duba ko akwai wani abu mai kama da saƙar gizo-gizo, domin kayan da suka daɗe a wuri mai laima kamar Legas sukan yi funfuna a ciki. A ɗauki hoton farin bango ko sararin sama a ƙarshen zum, a buɗe shi a babban allo. Sannan a nufi wani rubutu mai nisa a danna maɓallin ɗauka rabi, a ga ko hoton ya natsu, domin na'urar da ke cikin kyamara mai hana hoto rawa saboda girgizar hannu idan ta mutu dogon zum ba shi da sauran amfani.

Girman kyamarar kuma yana da nasa hukunci a halin da ake ciki. Baƙon da aka gani a bakin gari da wani baƙin abu mai dogon baki yana nuna nesa zai ja hankali, kuma mutane suna da dalilin yin tsoro. Kafin in shiga kowace fadama nakan fara gaida mai unguwa ko Sarkin Ruwa, in nuna masa hotunan da ke cikin kyamarar, in nemi ya haɗa ni da wani yaro ɗan gari. Ba na juya gilashi wajen mashayar da mata ke wanki, ko wajen shingen jami'an tsaro, kuma dajin da mutanen wurin suka daina shiga ni ma ba na shiga, ko da an ce mini akwai gauraka a ciki, duk da cewa ita ce tsuntsuwar da na fi marmarin gani yanzu da ta yi ƙaranci. Wannan ma wani dalili ne da ya sa ƙaramar kyamara irin FZ80, wadda ke shiga jakar hannu, takan fi babba yawan fita aiki.

Wanda ya saya a wannan rani yana da wurin gwaji a ƙofar gidansa, domin da zarar hadarin farko ya haɗu shamuwa za ta dawo ta hau manyan itatuwan cikin gari ta yi sheƙa. Ba ta gudun mutane, tana zama tana tashi tana dawowa da kara a baki, kuma ruwan farko ya riga ya wanke hazo daga sama, saboda haka a kanta mutum zai gane iyakar da kyamararsa ke kaiwa a zaune da kuma a tashe kafin ya ɗauki hanyar Yawuri.