Kayan aikin hannu na hutu: wanne ya dace da yaron da ke karatu a gida?

Ga iyayen da ke karantar da 'ya'yansu a gida, hutu ba ya rufe makaranta, littafi kawai ake ajiyewa. Kafin ku zaro kuɗi ku sayi kayan ƙere-ƙere, ku fara tambayar kanku me kuke so yaron ya koya, domin kowane kaya da darasin da ke cikinsa.

Mafi ɗaukar ido shi ne kwalin da aka haɗa komai a ciki, har da takardar bayani da hoton abin da za a ƙera. Yana da amfaninsa: yaro zai koyi karanta umarni da bin mataki bayan mataki, uwa kuma ta huta da neman wannan da wancan. Sai dai a yini ɗaya ake gamawa da shi, kuma abin da ya fito tunanin kamfani ne, ba na yaron ba. Akwatin da ake aiko wa duk wata, irin na kamfanin KiwiCo, ya fi shi tsari da bayanin kimiyya, amma idan yaro bai gama na wannan watan ba, wani zai zo ya tarar da shi.

Ni dai na fi karkata ga kayan da ake saye ɗai-ɗai: takarda, almakashi mai dakusasshen baki, gam, rula, zare. Takardar naɗi mai faɗin santimita 15 kowane gefe ta isa misali. Yaro ya ninka ta biyu ya ga rabi, ya sake ninkawa ya ga rubu'i, ya karya ta daga kusurwa zuwa kusurwa sai ga alwatika biyu masu girma ɗaya. Lissafi ke nan ya shiga ta yatsu. Ba sabon abu ba ne ma, Friedrich Froebel, Bajamushen da ya assasa makarantar ƙananan yara a ƙarni na 19, ya sa naɗin takarda cikin darussansa. Idan ta lalace a ɗauko wata, kuma wannan damar ɓatawa a sake ita ce kwalin da aka shirya ba ya bayarwa.

Wajen yumɓu ne mutane suka fi ruɗewa. Play-Doh, wato yumɓun wasa mai laushi, na 'yan ƙanana ne, a murza a rushe, ba a yi shi don ajiye abin da aka gina ba, tsattsagewa yake yi idan ya bushe. Yumɓun da iska ke busarwa kan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku, sannan a shafa masa fenti, kuma jiran nan kansa horo ne. Yumɓun roba irin su Fimo da Sculpey kuwa sai an gasa su a zafin digiri 110 zuwa 130 na ma'aunin Salshiyas, saboda haka na manyan yara ne, kuma da babba a kusa.

Fenti: ku ɗauki na ruwa ko wanda aka rubuta yana wankuwa. Akirilik ya fi kyan launi, amma in ya bushe a riga, to ya zauna ke nan. Launi uku, ja da rawaya da shuɗi, da ƙarin fari, sun fi kwalba ashirin koyarwa, tunda dole yaro ya gauraya kafin ya samu kore.

Ku juya bayan kwali kafin ku biya. Alamar CE na nuna mai kayan ya ce ya cika ƙa'idojin Tarayyar Turai, ASTM D-4236 kuma shaida ce a Amurka cewa an bincika sinadaran kayan zane an kuma rubuta gargaɗin da ya kamata. Gargaɗin da ke hana ba wa yaran da ba su kai shekara 3 ba kayan, ba ado ba ne. Idan da mai rarrafe a gidan, ku bar ƙananan duwatsun ado, da ƙwallayen da ke kumbura a ruwa, da ƙananan maganaɗisu masu ƙarfi, waɗanda haɗiye biyu daga cikinsu kan iya huda hanji.