Saba a ofis ko gajimare? Amsa ga Alhaji mai rassa a Kumo da Bajoga

Alhaji, barka da warhaka. Ka ce kamfaninku na rarraba magunguna yana da babban ofis a Gombe da rassa a Kumo da Bajoga. Tsohuwar saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da lissafin kaya, ta fara gajiya, yaron da ke duba muku kwamfutoci kuma ya ce a koma gajimare, wato a yi hayar ma'adana a intanet. Ka tambaya ko a sayi sabuwa ko a bi shawararsa. Sana'ata ke nan, ga abin da idona ya gani.

Saba a ofis kamar rumbu ne a tsakar gida. Ka biya sau ɗaya, ta zama taka, ko sabis ya ɗauke ma'aikatan babban ofis suna aikinsu. Sai dai abincinta wuta ce dare da rana, ga sanyi da take buƙata, a garin da zafin Maris da Afrilu kan kai digiri 40. Kowa a nan ya tuna watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin Arewa ta haura mako guda cikin duhu. Mai saba a lokacin, idan ba shi da sola da batura masu ƙarfi, dizal ya yi ta zubawa.

Na taɓa buɗe wata a wani ofis a cikin gari. Ƙurar hunturu ta toshe fankarta, ta dunƙule kamar auduga, ƙarfen kuma ba ya taɓuwa don zafi. Da na nemi kwafin bayanansu, sai aka nuna mini ɗan faifai a ɗore a kanta. Da gobara ta tashi ko ɓarawo ya shigo, da uwar da 'yar sun tafi tare, har da littafin bashin shekara shida. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Ka sa a duba taku ma: in manhajar Windows Server 2012 ce a kai, tun Oktoban 2023 Microsoft ta daina ba ta gyaran tsaro na yau da kullum.

A gajimare kuwa, wuta da sanyi da gadi duk suna wuyan mai haya. Babbar ribarsa gare ku ita ce rassa. Kwalin magani ya fita a Bajoga, nan take ka gani a wayarka, ba sai manaja ya turo hoton littafi ta WhatsApp bayan isha'i ba. Can kuma duniya ta karkata: masu manhaja suna barin sayarwa sau ɗaya suna komawa kuɗin wata, sababbin kayan aikin ƙirƙirarriyar basira ma a can suke fara fitowa.

Amma yana da ƙaya biyu. Ta farko sabis. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse daura da Kwaddibuwa, har bankuna suka ji a jikinsu. Ta biyu, wadda ta fi ciwo, dala. A farkon 2023 farashin gwamnati yana wajen naira 460, a 2024 ya haura 1,500. Mai biyan dala 200 a wata, daga naira 92,000 ya koma 300,000, bai ƙara komai ba. Shi ya sa nake cewa a fara tambayar masu haya na cikin gida da ke karɓar naira. Galaxy Backbone ta gwamnatin tarayya, alal misali, tana da cibiyoyin adana bayanai a Abuja da Kano. Na Amazon da Microsoft manya da ke nahiyarmu suna Afirka ta Kudu, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta sa sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane ƙasar waje. Ku da kuke hulɗa da bayanan lafiya, wannan ba abin wasa ba ne.

Da shago ɗaya gare ka, da na ce gyara sola, sayi ƙaramar saba, ka huta. Amma da rassa, ni dai gajimare zan bi, bisa sharaɗi guda: manhajar ta iya sayar da kaya ko babu intanet, in sabis ya dawo ta aika lissafin da kanta. Kafin a biya ko sisi, a cire wayar intanet a gabanka, a buga rasit ka gani da idonka. Babban ofis ya samu layi biyu na kamfanoni daban, ko a haɗa da Starlink, intanet ta tauraron ɗan Adam, wadda ta shigo Najeriya a 2023.

Sannan, Alhaji, a buɗe asusun da sunan kamfani da imel ɗin kamfani, kalmar sirrin shugaba ta zauna a hannunka. Yaron nan na iya samun aiki a Abuja gobe. Duk Juma'a a sauke kwafin lissafi a faifai, ka tafi da shi gida.