Digirin Jiyoloji: Zariya, Jos, Sakkwato ko Bauchi?

Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya yi, sai ka ga yaro ya zaɓi jami'a don sunanta ya yi fice, ko don abokinsa can zai tafi. Jiyoloji kuwa, ilimin duwatsu da abin da Allah Ya binne a cikin ƙasa, ba a aji kaɗai ake koyonsa ba. Rabin karatun a daji yake, guduma a hannu, taswira a jaka, rana na dukanka. Saboda haka ƙanena, kafin ka zaɓa, duba irin ƙasar da jami'ar take zaune a kai.

Idan ma'adinai ke ranka, ni dai Jos nake fara ambata. Tun zamanin Turawa ake haƙar kuza a Filato, har yau ga kududdufan da haƙar ta bari cike da ruwa. Abin da wani ke karantawa a littafi, ɗalibin Jos da idonsa yake ganinsa. Zariya ma ba kanwar lasa ba ce. ABU, wadda aka kafa a 1962, tana kan tsohon dutse mai tauri, ga Dutsen Kufena a kusa. Sashen nata ya daɗe, kuma tsofaffin ɗalibansa sun bazu a ma'aikatu da kamfanoni. Wannan kan yi rana lokacin neman gurbin SIWES, wato koyon aiki a ma'aikata ko kamfani da ɗalibai ke yi kafin su gama karatu.

Sakkwato da Maiduguri wani fanni ne daban, ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce, hawa-hawa, wadda ruwa ya tara tun dauri. Kusa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a Kalambaina, ake fasa dutsen da ake yin siminti da shi. Maiduguri kuma tana cikin kwarin Tafkin Chadi, wurin koyon ruwan ƙarƙashin ƙasa da neman mai. Mai sha'awar fetur ya duba ATBU ta Bauchi, domin filin Kolmani da aka ƙaddamar da haƙarsa a 2022 yana kan iyakar Bauchi da Gombe. Sai dai ka sani, ATBU da FUT Minna jami'o'in fasaha ne, shekara 5 ake yi, sauran kuwa 4. Shekara guda ta kuɗin makaranta da abinci ba ƙaramin abu ba ne ga mahaifi.

Abin da ya fi damuna shi ne yara da yawa suna shiga da mafarkin kamfanin mai, alhali a Arewa aikin da ya fi saurin samuwa shi ne na rijiyar burtsatse. Wanda ya iya auna ƙasa da na'ura ya nuna inda ruwa yake ba zai zauna banza ba. To ka bincika: sashen yana da na'urar, kuma tana aiki? Ɗalibai na taɓa ta, ko sai dai kallo?

Ka tabbatar NUC, hukumar da ke kula da jami'o'in ƙasar nan, ta amince da kwas ɗin, domin bayan gamawa akwai rajista da COMEG, hukumar da ke yi wa masana jiyoloji da injiniyoyin ma'adinai rajista. Sannan ka je da ƙafarka ka sami ɗan aji uku, ka tambaye shi ina aka kai su aikin daji bara, kwana nawa suka yi, nawa suka biya. Rashin tsaro ya takura fita a wasu yankuna, kuma wannan amsar ba za ka same ta a takardar JAMB ba.